Mukullin da Na Kai Tsibirin Girka

A iya sanina, in an ce mutum ya tafi hutu, gida ya tafi. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyarwa a firamare a Minna, kuma duk hutun da aka ba mu, ko dai in kwashi yara mu tafi Bida wurin dangin mahaifinsu, ko in zauna in wanke labule. Shi ya sa ranar da yaron nan ya aiko cewa zai kai ni hutu wani ƙauye a wani tsibiri na ƙasar Girka, abin da na fara tambayar ƙanwarsa shi ne, wa muke da shi a can? Ta ce ba kowa, ruwa ake zuwa kallo. Na ce in dai ruwa ne ai ga dam ɗin Zungeru nan, kuɗin mota kawai mutum zai biya. Ta ce in daina tsiya in je a ɗauke ni hoton fasfo.

Yaron nan da nake faɗa ɗana ne na fari, ya haura arba'in, yana zaune a Jamus da matarsa Bajamushiya da 'yarsu ɗaya. Ba na faɗin sunansa. Haka na taso na ga uwata tana yi wa yayanmu, haka ita ma ta ga tata uwar tana yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zuba masa ido a gaban mutane, ba a zama a yi ta hira da shi. Ana yaye shi gwaggonsa, yayar mahaifinsa, ta ɗauke shi zuwa gidanta a unguwar Kpakungu, ita ya buɗe baki ya kira Inna. Ni kuwa Malama yake ce mini, kamar yadda duk unguwa ke ce mini. In ina son ya yi wani abu ko ya bari, gwaggon nake gaya wa, ita ta isar. Ita ce bakina, kuma ban taɓa ganin aibun hakan ba.

Mahaifinsu kafinta ne. Da ya ga shekaru suna tafiya yaro bai dawo ba, sai ya gina masa sashe a cikin gidanmu na unguwar Sauka Kahuta, ciki biyu da falo. Ƙofofi da tagogi da hannunsa ya yi su, ya zaɓi katako mai kyau ya ƙi sayar wa kowa. Ya sa wa ƙofar babban kwaɗo. Mukullai biyu ne, ɗaya ya ɓata tun yana da rai. Da ciwo ya kwantar da shi ya miƙo mini ɗayan ya ce, "Ki ba shi. Ki ce masa ya dawo gida." Yaron bai samu zuwa jana'iza ba. Shekara ta zagayo gwaggon ma ta bi ƙanenta. Sai aka bar ni da mukulli da saƙo, babu bakin da zai kai su.

Kowace Asabar nakan buɗe sashen in share, in kaɗe yanar gizo, in bar tagogi su sha iska zuwa la'asar. Akwai wuri ɗaya a falon da ya fara yoyo, nakan tara masa roba in damina ta kama. To, da maganar Girka ta tabbata, na yi shara ta ƙarshe, na tara robar, na datse kwaɗon, na ɗaure mukullin a haɓar zanen ciki. Kowa na ta yi mini murnar za ni buɗe ido. Ni dai abu ɗaya zai kai ni: in ba shi mukullin nan, in ce ya dawo.

Ba zan tsaya kan wahalar hanya ba. Zirga-zirgar Abuja neman biza kaɗai ta ishi mai ciwon gwiwa. Jirgin sama biyu na hau, sannan aka sa ni a jirgin ruwa, na yi ta kelaya amai a leda ina tsine wa wanda ya ƙirƙiro hutu. Jakata cike da kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli da yajin citta, don ni ban san yadda ake zuwa wurin ɗa hannu biyu ba.

Yana tsaye a bakin tashar jirgin yana jirana, sun riga ni isa da kwana ɗaya. Tun daga nesa na gane tsayuwar, ta mahaifinsa ce sak. Da na matso na ga furfura a gemunsa. Ya taho da sauri ya buɗe hannuwa. Ni kuwa jikina ya riga tunanina, na kau da kai na dubi teku na ce, "An zo lafiya?" Sai na sunkuya na cafe yarinyar, jikata, 'yar shekara shida mai gashi kamar audugar rimi, na rungume ta ina ce mata ƙawata, ina tsokanarta wai ta fi ni muni. Hannuwansa suka tsaya a iska, sannan ya sauke su ya ɗauki jakata.

Dab da mu wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta kama fuskar wani ƙaton mutum mai sanƙo da tumbi, tana sumbatar kumatunsa, tana kiran sunansa da ƙarfi tana kuka. Ɗanta ne, ya sauka daga jirgin da na sauka. Na ce a raina wannan wace irin rashin ta ido ce, ƙato da shi. Ashe ita ce mai gidan da muka kama ɗakuna.

Ƙauyen a kan dutse yake, duk inda za ka sai ka hau matakala. Gidaje fari fat, ƙofofi shuɗi, kyanwoyi a kwance a kowane lungu ba mai korarsu. A nan na fara ganin itacen zaitun da idona, abin da nake karantawa a Alƙur'ani tun ina yarinya, ga ɓaure a tsakar gidanmu yana ta zubo da 'ya'ya. Wuri ne mai kyau, ba zan yi ƙarya ba. Bakin ruwan ne dai na je sau ɗaya na ce ba da ni ba. Manyan mutane da jikoki a kwance a rana tsirara haihuwar uwarsu, in ban da ɗan ƙyalle. Na ce su je su yi ta gasa kansu, ni ina gida.

Da yake ina gida, sai muka saba da tsohuwar. Turancinta bai fi cikin cokali ba, ni kuma ban san ko sannu da yarensu ba, amma tsofaffin mata ba sa rasa yadda za su yi. Kullum da safe takan ɗauki wani tarin mukullai a zobe ta fita. Ran na biyu ta yafito ni na bi ta. Gida gida muke bi, ta buɗe, ta wangale tagogi, ta zuba wa shuka ruwa, ta rufe mu wuce. Gidajen ba kowa. Ga gadaje a shimfiɗe, ga hotuna a bango, ga tukwane a kife. A kowace ƙofa sai ta ɗaga mukullin ta faɗi inda mai shi yake: Amurka, Ostireliya, Jamus, babban birninsu. Na ƙirga gida tara da kaina kafin gwiwata ta ce ya isa.

A hanyar dawowa muka bi ta gaban makarantar ƙauyen. Ba sai an gaya wa malama makaranta ba. Na leƙa ta taga na ga allo da bencina, awaki suna kiwo a filin da ya kamata a ce yara ke taruwa. Na tambaye ta da hannu ina yaran, ta ɗaga kafaɗa ta nuna teku. Nata ɗan ma sati biyu yake yi a shekara ya koma. Na tuna karin maganar da ake yi, kowa ya bar gida gida ya bar shi, sai na ga a nan ba haka ba ne, gidajen ba su bar kowa ba, suna nan suna jira, masu su ne ba sa zuwa. Tsoro ya kama ni sosai. Na taɓa haɓar zanena na ji mukullin yana nan.

Kwana bakwai aka ba ni, na ɓatar da huɗu. Kullum in ce yau, kullum rana ta faɗi. In muka zauna cin abinci shi yana nan ni ina nan, sai in juya wurin yarinya. In zan ce ya ƙara miya sai in ce, "Ƙawata, gaya wa babanki tukunya ba ta ƙare ba." Matar tasa ba ta da laifi, yarinya ce mai hankali, ta sha miyar kuka har da ƙari ko da yake na ga idonta yana ruwa saboda yaji. Na yi tunanin in bi ta hannunta, to amma ina suruka ina wannan magana, kuma ta yaya zan ce wa mace ta ɗauki mijinta ta kai ƙasar da ba ta taɓa gani ba? Shi kuma yana ta ƙoƙari, yana nuna mini tsibirai daga nesa, yana tambayar mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya da Hausarsa da ta fara yin tsatsa. Ina ba shi amsa a gajarce ina kallon gefe. A raina kuwa so nake in kama fuskar nan in dube ta har in ƙoshi.

Ran na biyar bayan azahar, muna zaune a inuwar ɓauren, matar tasa ta shiga ciki ta kwanta. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kwance mukullin, na kira yarinyar na damƙa mata, na ce da Turanci ta kai wa babanta. Tsakanina da shi bai fi taku huɗu ba. Ta tafi da tsalle ta ajiye masa a cinya ta koma wurin kyanwa.

Ya juya shi a hannu ya ce, "Malama, mukullin mene ne wannan?"

Na dubi gindin ɓauren na ce, "Na sashen da mahaifin wasu ya gina musu ne. Ya ce a ba su. Ya ce gida na jira."

Ya jawo kujerarsa ya ajiye ta a gabana, daidai inda nake kallo, ya zauna. Ya ce, "Ga ni nan a gabanki. Ba wasu ba ne, ni ne."

Na ce, "Ai an ji saƙon."

Ya ce, "Na ji na Baba, Allah ya ji ƙansa. Naki nake jira."

Ya ce ya san al'ada, Inna ta sha yi masa bayani tun yana yaro, ta ce kunya ce, ba ƙi ba ne. Ya ce ya yarda. Sai ya tambaye ni ko na tuna shekarar da aka sa shi a ajina, aji uku. Ya za a yi in manta. Ya ce, "Kullum da safe kina kiran suna. Ki kira kowa ya amsa. In kin zo kan nawa sai ki ɗaga kai ki ga ina nan, ki yi maki, ki kira na gaba. Shekara guda ina riƙe da amsata a baki." Ya ce yara har suna ce masa mara suna. Wallahi ban taɓa sanin wannan ba, sai ranar.

Ya ce, "Ban ce zan iya tattarowa gobe ba, ina da aiki, ina da iyali. Amma ki dube ni ki kira sunana sau ɗaya, ki ce in dawo. In san uwata ce ta kira ni. In ba haka ba, wurin wa zan dawo? Baba ba ya nan, Inna ba ta nan."

Da ina da hankali a lokacin da na yi kuka. Amma ni in abu ya soke ni faɗa ne ke fitowa, duk wanda ya zauna a ajina ya sani. Na ji kunya ta rufe ni, kunyar ta juye ta zama fushi. Na ce, "Ashe Turai har kunyar mutum take wankewa. Ni za a titsiye a ce sai na yi abin da uwata ba ta yi ba? Na ratso ƙasashe da ciwon gwiwa, na yi amai a teku, duk bai isa shaida ba sai na tsaya ina ihu a titi kamar waccan tsohuwar? Wanda ya san hanyar gidan ubansa ba sai an kira shi ba." Duk wannan ɓauren nake gaya wa, ko a faɗan ban dube shi ba.

Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Malama." Ya sa mukullin a aljihun wandonsa, ya mayar da kujerar inda take, ya ɗauki 'yarsa suka gangara bakin ruwa.

Washegari na bar tsohuwar ta tafi buɗe gidajenta ita kaɗai. Na hau bayan ƙauyen inda itatuwan zaitun suke, na duba gabas da yamma ba kowa sai awaki. Na gwada. Karon farko iska ce kawai ta fito. Karo na biyu sunan ya fito, a shaƙe, baƙo a bakina, ni da na ji lokacin da liman ya raɗa shi. Na maimaita har sau biyar, wata akuya ta ɗago ta dube ni ta ci gaba da kiwonta. Na ce to ashe ba ya kisa. Na sauko da niyyar gobe a tasha zan faɗa, in ya so duniya ta zage ni.

Jirgina ya riga nasu tashi. Suka rako ni su uku, tsohuwar ma ta biyo mu, ta cusa mini kwalbar man zaitun, ta rungume ni ta sumbaci kumatuna biyu ban shirya ba. Na sallami matar tasa, na matse ƙawata har ta yi ƙara. Saura shi. Wannan karon bai buɗe hannu ba, ya ɗan rusuna yadda aka koya masa a Kpakungu. Na ɗaga ido na dube shi, wannan kam na yi. Sunan yana kan harshena. Ga matarsa a tsaye, ga tsohuwa, ga mutane, na ji kamar uwata tana bayana tana kallo. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Allah ya yi albarka. A kula da yarinya."

Ya ce, "Amin, Malama. Allah ya kiyaye hanya."

Sai da na iso Minna, ranar Asabar ta farko, na ɗauki tsintsiya na nufi sashen, na kai hannu haɓar zane, sannan na tuna mukullin ɗaya ne. Ban taɓa tunanin in kai a yanka mini wani ba, don a lissafina mai ɗakin zai biyo ni da shi. Na tsaya a gaban kwaɗon da tsintsiya a hannu kamar wata sakarya, sannan na share ƙofar daga waje na koma.

Damina biyu ke nan. Yana kira ranar Lahadi, ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa, ya miƙa wa yarinya. Bai taɓa tayar da maganar mukulli ba, ni ma ban tayar ba. Sau nawa ina cewa a waya ai ya fi sauƙi, ba ido ba idanu, amma da na ji muryarsa sai in ji kaina ina tambayar ko ana sanyi a can. Maganar zuwa kuwa ta koma in sha Allahu, irin wadda kowa ya san ma'anarta.

Ƙanwarsa ta dame ni in kira mai walda ya fasa kwaɗon, aikin minti biyar ne, in zuba 'yan haya ko a ƙalla a gyara rufin. Ta nuna mini inda gara ta fara hawa jikin ƙofar da mahaifinta ya yi. Na gani, ba makauniya ba ce ni. Na ce ba mai taɓa mini kwaɗon nan ina da rai. In aka fasa shi, mukullin da ke hannun yaron ya zama ƙarfen banza, ba abin da zai buɗe, kuma shi kaɗai ne abin da na iya ba shi. Ta ce taurin kaina ne zai rushe ɗakin. Na ce na sani.

In ana ruwa nakan tsaya a jikin tagar falon in kasa kunne. Da farko ina jin ɗigon yana faɗawa cikin robar da na tara. Yanzu robar ta daɗe da cika, a kan siminti nake jin sa, kuma ba wuri ɗaya ba. Nakan tuna tsohuwar nan da zoben mukullanta, in ce ta fi ni, ita ko ba komai tana iya shiga ta buɗe taga.

Na zauna rubuta wannan ne da niyyar in sa sunan a takarda, tunda takarda ba ta da ido. Na ce in na rubuta sai in ba ƙanwarsa ta ɗauka a waya ta tura masa. Ga shi na zo ƙarshe, na koma na duba daga farko, ko'ina yaron nan na rubuta.